Ina za mu je a kewayen Tawa mu ga taurari da kyau?

Tambaya: Ni malamin makaranta ne a garin Tawa. Ina so in fita da ɗalibaina, kamar su 15, su ga sama da dare yadda take, don a cikin gari fitilu sun cinye taurarin. Nisan da ya kamata mu yi nawa ne, ta wane gefe, kuma a wane lokaci? Muna da madubin hangen nesa na hannu guda biyu.

Amsa: Malam, sannu da ƙoƙari. A ƙasar Adar guje wa fitilun gari shi ne mafi sauƙi a cikin wannan aiki. Kilomita 20 zuwa 30 daga Tawa sun isa. Abin da ke ɓata wa mutane dare a nan shi ne ƙura, da farin wata, da fitila guda ɗaya tal da ke kusa da inda aka zauna, sai kuma maganar tsaro. Wanda ya iya da waɗannan huɗun zai ga sama a bayan wani ƙauye kusa da Tamaske fiye da wanda ya ƙona mai har Abalak a daren da hazo ya sauka.

Mu fara da nisan, tunda shi ka fara tambaya. Hasken fitilun gari yana hawa sama, ya bugi ƙura da tururin da ke cikin iska, ya watsu, ya dawo ido. Shi ne wannan ja-ja ko fari-farin da matafiyi ke hangowa a saman gari tun bai iso ba. Wani masanin taurari na Amurka, Merle Walker, ya auna yadda wannan haske ke raguwa, ya fitar da lissafinsa a shekarun 1970: duk lokacin da ka ninka nisa sau biyu, hasken yana raguwa kusan sau shida. Wato abin da ka samu daga kilomita 10 zuwa 20 babba ne ƙwarai, daga 20 zuwa 40 ma akwai riba, amma daga nan gaba wahala ce ta fi ribar yawa. In aka ɗora lissafin a kan gari mai mutum 150,000, wanda shi ne kusan girman Tawa a ƙidayar 2012, a kilomita 30 ƙarin hasken da ke gefen garin bai wuce kashi ɗaya cikin uku na hasken da sama ke da shi ita kaɗai ba, a kilomita 50 kuma ya faɗi ƙasa da kashi ɗaya cikin goma. Kuma a tuna an yi wannan awo ne a garuruwan Kaliforniya, inda fitilar da ke kan kowane mutum ta ninka tamu nesa ba kusa ba. Don haka gaskiyar abin a Tawa ya fi lissafin kyau. Mutumin Yamai, mai zaune cikin gari na fiye da mutum miliyan ɗaya, shi ne zai buƙaci kilomita 50 ko fiye. Mu kam Allah ya hutar da mu. Taswirar hasken dare ta duniya da aka fitar a 2016 ta nuna kashi ɗaya cikin uku na mutanen duniya ba sa iya ganin farin zirin taurarin nan da ke ratsa sama daga inda suke zaune, ta kuma sa maƙwabciyarmu Cadi cikin ƙasashen da samansu ya fi duhu. Yankinmu na cikin wannan rabo.

Gefen da za a nufa ya fi nisan muhimmanci, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Ka fara yanke abin da kake so yara su gani, sannan ka sa garin a bayanka. Tawa tana kan digiri kusan 15 arewa da tsakiyar duniya. Abubuwan da suka fi ƙayatarwa, wato tsakiyar farin zirin nan inda ya fi kauri, da tauraruwar Suhailu, da taurari huɗun da ake kira Gicciyen Kudu, duk a kudu suke. Saboda haka wurin da ke kudu ko gabas da gari ya fi wanda ke arewa, domin wanda ya tsaya arewa da Tawa hasken garin zai tsaya masa daidai inda yake son kallo. Hanyar Badagishiri ta kudu ce, amma manyan motoci ba sa yanke mata da dare, kuma fitilar babbar mota ɗaya tana share rabin awar da ido ya yi yana sabawa da duhu. In can za ku, sai ku bar kwalta da aƙalla kilomita biyu, ku sami tudu ko dutse tsakaninku da ita. Kada kuma a zarce kudu da yawa, don daga can za a fara hango hasken Ƙonni da na masana'antar siminti ta Malbaza a gindin sama. Hanyar Tamaske da Keita, ta gabas, ita muka fi so: garin yana komawa yamma, kudu a buɗe take, ga duwatsun Adar da ke tare hasken ƙasa. Aibinta ɗaya, in Zara ko jinjirin wata kuke son gani bayan magariba, suna gefen garin ne. Amma su masu haske ne, ba ruwansu da duhu.

Akwai taswirar hasken dare a intanet, irin su lightpollutionmap.info, da ake haɗawa da hotunan tauraron ɗan'adam. Ka duba ta kafin ka fita, tana taimakawa wajen ganin inda hasken Tawa ya ƙare. Amma kada ka dogara da ita kaɗai. Na'urar da ke ɗaukar hoton ba ta ganin haske mai shuɗi-shuɗi sosai, kuma irin wannan hasken ne fitilun LED masu aiki da hasken rana ke fitarwa, waɗanda yanzu suka cika bakin kasuwanni da ƙofar masallatai da gidajen likita na ƙauyuka. Taswira za ta nuna maka baƙi ƙirin, ka je ka tarar da fitila ɗaya a kan dogon ƙarfe tana dukan idonka daga mita 300. Wannan fitilar ta fi dukan hasken Tawa da ke nesa ɓarna, don kai tsaye take shiga ido. Maganinta ba wuya: a sa katangar makaranta, ko rumbuna, ko mota tsakaninku da ita. In ba ka ganin ƙwan fitilar da kansa, rabin matsalar ta tafi. Haka jar fitilar da ke kan eriyar kamfanin salula. Ita da sauƙi, a juya mata baya kawai.

Sai ƙasar da za a zauna a kai. Fako ya fi komai: ƙasa mai tauri, shimfiɗaɗɗa, ba ciyawa, ba ramuka, ana ganin duk abin da ke rarrafowa. Jigawa tana da daɗin kwanciya, sai dai mota na kafewa, iska kuma na ɗebo rairayi ta zuba a madubi. Kan tudu ya fi kwari, dalili kuwa shi ne bayan faɗuwar rana iska mai sanyi tana gangarowa ta kwanta a kwari, ta danne hayaƙin girkin dare da ƙurar da dabbobi suka tayar wajen dawowa daga kiwo. Wanda ya hau kan dutse da almuru zai ga wannan farin hayaƙin a shimfiɗe a kan ƙauyen da ke ƙasa. Hawan mita 30 ko 50 ya isa ya fitar da ku daga ciki. Amma kada a yi zaton hawa dutse zai raba ku da hazon hunturu, wannan yana kaiwa kilomita da dama a sama, babu dutsen Adar da ya kai can. Kuma kada a kai yara bakin gaɓar dutse cikin duhu; a zauna can ciki, nesa da gefe. Bakin tabki, irin na Tabalak, yana da kyau da rana, da dare kuwa sauro ne da raɓa da ke rufe gilashi. Cikin ƙorama kuwa haramun ne a damina, ko da sama ta yi garau a kanku: ruwan da aka yi a kan duwatsu can nesa yana iya gangarowa cikin dare ba sallama.

Ko wane wuri ka zaɓa, ka je shi da rana tukuna. Ka tsaya a tsakiya, ka miƙe hannu, ka dunƙule shi. Faɗin dunƙulen hannu a haka kusan digiri 10 ne. Ka juya kudu: in itace ko dutse ya haura dunƙule ɗaya daga gindin sama, ka matsa, don Gicciyen Kudu ba ya kai dunƙule biyu a wajenmu. Ka duba ko akwai rezo, ka adana wurin a taswirar salula, ka auna mintin da mota ke yi daga nan zuwa gidan likita mafi kusa. Ka lura da turken fitila, ko da a kashe yake, da hanyar da shanu ke bi, da gonar da ke kusa. Sannan ka koma kai da mutum ɗaya ko biyu da dare, kafin ranar da za ka kwaso yara.

Maganar wata a wajenmu ba ta buƙatar na'ura, lissafin watan Musulunci ya wadatar. Farin wata na daren 14 yana shafe sama fiye da duk fitilun gari, ko kana tsakiyar Tenere. Bayan ya cika, kullum yana jinkirin fitowa da kusan minti 50. A daren 18 ko 19 ga wata kuna da wajen awa biyu na cikakken duhu kafin ya leƙo. Daga 22 sai tsakar dare yake fitowa. Daga 26 har zuwa 3 ga sabon wata kusan daren duka naku ne. Daga 7 ga wata ba ya faɗuwa sai tsakar dare, wanda bai dace da fita da ɗalibai ba. Don haka a sa rana tsakanin 20 ga wata da 3 ga mai kamawa. Lokacin farawa ma sananne ne: duhu yana cika idan rana ta nutse digiri 18 ƙarƙashin ƙasa, kuma wannan ya zo kusan daidai da shigar isha'i, wajen awa ɗaya da kwata bayan magariba. A Disamba rana na faɗuwa a Tawa wajen ƙarfe 6 da kwata, a Yuni kuma bayan ƙarfe 7 kaɗan. A yi sallah a wurin, a kashe fitilu, a fara.

Yanzu ƙura, wadda ita ce uwar matsalar. Mutane da yawa suna ɗauka lokacin ɗari ne ya fi, tunda babu gajimare. Rabin gaskiya ne. Daga Disamba zuwa Maris iskar arewa maso gabas tana kwaso ƙura daga hamada, musamman daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi, ta shimfiɗa mana. Ƙurar nan ɓarna biyu take yi: tana rage hasken tauraro kafin ya iso, tana kuma kama hasken gari ta baza shi nesa fiye da yadda ya saba. Wurin da ya yi duhu ƙirin a Oktoba, a daren hazo sai ka ga hasken Tawa ya haura har rabin sama. Abin ya fi muni a ƙasa-ƙasa. Hasken tauraron da ke digiri 30 daga gindin sama yana ratsa iska ninki biyu na wanda ke tsakar ka. Wanda ke digiri 15 kusan ninki huɗu. Shi ya sa a daren hazo za ka ga taurari a saman kai, amma kewaye duk fari fat. Hazon ba kullum ba ne, zuwa yake yi ya kwana biyu ko huɗu ya wuce, a tsakani a sami darare masu kyau ƙwarai. Saboda haka a lokacin ɗari kada ka tsayar da rana guda, ka tsayar da mako, ka gaya wa iyaye za a tabbatar da yammacin ranar.

Gane hazo tun da rana abu ne mai sauƙi. Ka zaɓi wani dutse ko dogon ƙarfe da ka san nisansa, ka riƙa duba shi kullum. Ranar da ya fito tas har kana rarrabe itatuwan kansa, daren zai yi kyau. Ka tsaya inda katanga ta rufe maka ƙwayar rana, ka dubi saman da ke kewaye da ita: in shuɗi ne har kusa, iska ta wanku, in fari ne mai faɗi, akwai ƙura a sama ko da ƙasa ta yi garau. Da yamma kuma, rana mai lafiya tana ja har ta taɓa ƙasa. In ta koma farin faifai ta ɓace tun da sauran dunƙule ɗaya ko biyu, a fasa tafiyar. Manhajar Windy tana da shafin ƙura da na gajimare na kwanaki masu zuwa, tana taimakawa wajen zaɓen rana cikin makon.

A ganinmu lokacin da ya fi duka shi ne ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Nuwamba. Ruwa ya wanke iska, hadari ya ja baya, hazo bai iso ba, sanyi bai tsananta ba. A farkon Oktoba, da an idar da isha'i, tsakiyar farin zirin tana kudu maso yamma, dunƙule uku ko fiye daga ƙasa, da baƙaƙen tsage-tsagenta a fili. Kafin a tashi kuma Kaza da ƴaƴanta ta fito a gabas. Sai dai lokacin kaka ne: hatsi na tsaye a wasu gonaki yana tare gani, masu gona suna tsaron amfaninsu, makiyaya na gangarowa, macizai kuma na yawo. Duk wannan yana ƙara nuna dalilin zaɓen fako da neman izini. Daren da ya biyo bayan ruwa mai ƙarfi a Yuli ko Agusta ya fi kowane dare tsabta a shekara, kuma a lokacin tsakiyar zirin tana tsaye digiri 45 a kudu wajen ƙarfe 9 zuwa 10, amma ba a iya shirya masa tun da wuri, hanyoyi sun jiƙe, ga hutun makaranta. Bazara, daga Maris zuwa Mayu, ita ce mafi wuya: zafi, ƙura a rataye, guguwa. Abin takaici a lokacin ne Gicciyen Kudu ke tsayawa da farkon dare. Mai son ganinsa da kyau gara ya tashi gab da asuba a Janairu, a daren da ba hazo.

In kun isa, ga yadda za ku auna wurin da ido, kuma wannan darasi ne mai kyau ga yara. Masu wannan sana'a suna da ma'auni mai hawa tara da John Bortle ya fitar a 2001, na 1 shi ne duhun da ba kamarsa, na 9 tsakiyar babban birni. Duk abin da ya kai hawa na 3 ya ishe ku. Alama ta farko gajimare: a wuri mai duhu na gaske baƙi yake, ana gane shi ne da taurarin da ya rufe, in cikinsa na haske, hasken ƙasa ke dukansa. Ta biyu, tauraruwar arewa, wadda ba ta motsi, tana dunƙule ɗaya da rabi daga gindin sama a Tawa. Ba ta da haske sosai, don haka in ta fito sarai to iskar ƙasa-ƙasa ta yi kyau. Ta uku, a Oktoba da Nuwamba akwai manyan taurari huɗu da suka yi murabba'i kusan a tsakar ka da farkon dare, manhajar Stellarium za ta nuna maka su da sunan Pegasus. A sa kowane yaro ya ƙirga ƙananan taurarin da ke cikin murabba'in. Ƙasa da huɗu, wurin ko daren bai yi ba. Bakwai zuwa goma sha uku, madalla. Wanda ya haura ashirin ya samu sama da ido duka masu kyau. Za ka ga lissafin yaran ya sha bamban da naka, don ƙwayar idon yaro tana buɗewa fiye da ta babba. Ta huɗu kuwa malamai sun san ta tun a littafin fiƙihu: alfijirin ƙarya, hasken nan da ke miƙewa tsaye daga gabas kafin alfijir na gaskiya. Hasken rana ne ke bugun ƙurar da ke tsakanin duniyoyi. Yana fitowa da kyau kafin asuba daga Satumba zuwa Nuwamba, irinsa kuma yana bayyana a yamma bayan isha'i daga Fabrairu zuwa Afrilu. Duk inda aka gan shi a fili, wurin ya ci jarrabawa.

Duk wannan ba zai yi amfani ba in ba a bar ido ya saba ba. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 cikin duhu, kuma kallon fuskar salula na daƙiƙa kaɗan yana mayar da shi baya. Da yara 15 wannan shi ne yaƙin da za ka yi. A tara salula a jaka ɗaya, a bar guda biyu a hannun manya, a rage haskensu har ƙasa, a kunna jan launi na Stellarium. Tocila kuma a rufe bakinta da jar leda ninki biyu ko uku a ɗaure da roba, don jan haske mara ƙarfi bai cika ɓata sabon ido ba. A ajiye farar tocila mai ƙarfi guda ɗaya don larura kawai. In za a dafa shayi, a kai gawayin bayan mota. Abu mai dushi-dushi kuma ba a kallonsa kai tsaye, a ɗan karkatar da ido gefe, sai ya fi fitowa, domin gefen ido ya fi tsakiyarsa jin ƙaramin haske.

Maganar tsaro ba ta wasa ba ce, kuma ita ce ta sa muke cewa a nemi ƙauyen da aka san ku maimakon dajin da ba kowa. Arewacin jihar, wajen Tillia da Tasara, an sa shi ƙarƙashin dokar ta-ɓaci a 2017. Duhun can ya fi, amma ba wurin kai ɗalibai ba ne. Ko a kusa da gari, dokokin zirga-zirgar dare da na hawan babur suna canzawa, sai a tambayi jandarmomi a makon tafiyar, a gaya musu wuri da lokaci da yawan mutane. A samu takardar shugaban makaranta da yardar iyaye a rubuce, kowane babba ya riƙe katinsa na ɗan ƙasa. Hanya mafi sauƙi ita ce ta abokin aikinka da ke koyarwa a ƙauyen: shi zai kai ka gaban mai gari da rana, a gaisa, a yi bayani. Taron baƙi cikin duhu, ba fitila, riƙe da madubin hangen nesa, abin tsoro ne ga duk wanda bai san da zuwansu ba, kuma yana da gaskiya. In mai gari ya haɗa ku da mutum ɗaya ko biyu, an gama. Sau da yawa ma dattawan wurin sun fi ku sanin saman, su ne masu lissafin taurarin damina, kuma in akwai Buzaye kusa za su nuna wa yara Amanar da Raƙuma, wato taurarin da Stellarium ke kira Orion da Ursa Major, da yadda matafiya ke bin su. Kada a zo da fitilar leza mai kore don nuna taurari: tana makantar da ido, tana kai wa jirgin sama, kuma jami'in tsaro da ya hango ta ba zai ɗauka darasi ake yi ba. Doguwar sanda da jar tocila sun isa. Mafi alheri a isa kafin magariba, a kwana a ajin makarantar ƙauyen, a dawo da safe. Tuƙin dare da yara a mota ya fi duk abin da ke dajin haɗari.

Ƙasa ma tana da nata. Kububuwa da kunama da dare suke fita, sun fi son gindin duwatsu da tarin kara da ramukan ɓera. Kowa ya sa takalmi rufaffe da dogon wando, ban da silifa. A share wurin da farar tocila kafin a shimfiɗa tabarmi, kada a ɗaga dutse da hannu, mai fita bayan gida ya tafi da fitila da rakiya, da safe a kakkaɓe takalma. In tsautsayi ya faɗa, ba tsagawa, ba tsotsa, ba ɗaure ƙafa tamau. A kwantar da yaron, a hana gaɓar motsi, a cire zobe ko abin da zai matse in ta kumbura, a nufi asibiti nan take. Shi ya sa mota za ta kwana a wurin, da mai a ciki, hancinta na kallon hanya. Ruwa lita uku ga kowane mutum, babba ɗaya ga yara biyar, bargo da hula a Disamba da Janairu don sanyin fili ya fi na cikin gari cizo, gidan sauro in ƙarshen damina ne.

Madubanku biyu sun isa. Ka duba lambar da ke jikinsu: 7x50 ko 10x50 su ne daidai, lamba ta farko yawan kusantarwa, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita. Wanda gilashinsa bai kai 35 ba bai tara haske sosai. Hannu na rawa, don haka mai kallo ya kwanta rigingine a tabarma ko ya dafa gwiwar hannu a kan mota. A fara da Kaza da ƴaƴanta: ido na ganin shida ko bakwai, madubi ya nuna gommai. Sai tarin taurarin Andromeda, ɗan farin tabo a arewa da murabba'in nan, wanda haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Sai gajimaren da ke cikin takobin Amanar daga Disamba. Kada a goge gilashi da bakin riga, ƙurar nan rairayi ce, karce shi za ta yi. A hure ta tukuna, sannan a shafa da tsumma mai laushi, a mayar da murfi duk lokacin da aka ajiye.

In kana son dare guda da zai burge su ba tare da madubi ba, ka nemi 13 zuwa 14 ga Disamba, lokacin ruwan taurari masu gudu na Jeminid. Inda suke ɓullowa yana hawa kusan tsakar ka a wajenmu wajen ƙarfe 2 na dare, kuma a sama mai duhu ana iya ƙirga gommai cikin awa ɗaya. Na 12 zuwa 13 ga Agusta ma yana da yawa, amma hadari kan hana. Ka duba ranar ta faɗo nawa ga watan Musulunci a shekarar, in ta zo tsakanin 10 da 18 a bar ta sai baɗi. Ka kuma gaya wa yara tun da wuri cewa za su ga ɗigon haske masu tafiya a hankali ba ƙyaftawa, wani lokaci a jere kamar ayari, musamman awa ɗaya ko biyu bayan magariba. Taurarin ɗan'adam ne da rana ke haskawa. Wata da Zara da manyan duniyoyi irin su Mushtari da manyan watanninsa huɗu ba sa buƙatar tafiya ko kaɗan, filin makarantarku a cikin Tawa ya ishe su, kuma nan ya kamata yara su koyi riƙe madubin mako ɗaya kafin fita.